Mako 7 ina awon ƙarfe a masana'anta, ba a ba ni inji ba: in zauna ko in sauya wuri?

Ɗalibin Kanikanci:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena injiniyoyi da ke wannan zaure, kuma ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun makon jiya.

Ni ɗalibi ne a aji 4 na jami'a, sashen injiniyan kanikanci, kuma yanzu ina cikin wata 6 na horon masana'anta da ake kira SIWES. Sai da na kai takardar neman gurbi wurare 9 kafin Allah ya sa wata masana'anta da ke Sharaɗa a Kano ta karɓe ni. Aikinta ƙera injinan sarrafa amfanin gona, wato injin sussukar masara, da na casar shinkafa, da na niƙa, da na matse man gyaɗa. Tana da wurin yanka faranti da lanƙwasa shi, da wurin walda, da wurin sassaƙar ƙarfe mai injina 4, da wurin haɗawa da fenti, sai kuma wani ɗan ƙaramin ɗaki da ake duba ingancin aiki.

Ranar da na fara zuwa, foman ya karɓi takardata, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in koma gida in tuɓe doguwar rigar da na sa, in dawo da kakin aiki da takalmi mai ƙarfe a baki. A mako 2 na farko ban yi komai ba sai goge kaifin gefen faranti da magagari, da share ɓarɓashin ƙarfe daga gindin injina, da ɗauko wa masu walda kaya daga sito. Daga mako na 3 aka mayar da ni ɗakin duba inganci, inda nake auna duk sandar juyi da ta sauko daga injin sassaƙa kafin a kai ta wurin haɗawa. Wadda ta yi daidai in shafa mata alli, wadda ba ta yi ba in ajiye ta gefe, sannan in rubuta awon a wani tsohon littafi da ban taɓa ganin kowa ya buɗe shi ba. A nan nake har yau. Sau 2 na roƙi foman ya bar ni in hau injin sassaƙa, amsar da nake samu ita ce lokaci bai yi ba tukuna.

Abokan karatuna biyu suna wani ofishin zane a Abuja, kullum suna gaban kwamfuta suna aiki da manhajar zane ta SolidWorks, kuma ɗayansu ya ce idan ina so zai yi mini magana, domin akwai gurbi. Tambayata ta farko ke nan: shin hikima ce in bar nan in koma can, kuma ko doka ta yarda a sauya wuri a tsakiyar horo? Ta biyu kuwa, me zan riƙa rubutawa a littafin aikin da makaranta ta ba mu, tunda jiya da yau da gobe duk abu ɗaya nake yi?

Akwai wani ƙaramin abu da zan ambata tunda na riga na buɗe baki, ko da yake ba shi ne ainihin tambayar ba. Sandar da na fi aunawa ita ce ta gangar injin sussuka, wadda ake zaunar da boris mai lamba 6206 a kowane gefe nata. Zanen ya ce mazaunin boris ɗin milimita 30 ne da alamar k6, ma'ana kada kaurinsa ya gaza 30.002 kuma kada ya wuce 30.015. Mai sassaƙar dattijo ne da ya fi shekara 20 a kan injin, kuma yakan auna da maikuromitarsa, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, kafin ya sauke sanda, ya ce ta yi. Amma idan na auna washegari da safe da maikuromitar ɗakinmu mai nuna lamba, sai in riƙa samun 29.995, wani lokaci ma 29.99, musamman a sandunan da aka gama da rana. A cikin 60 na ware 14. Da na kai magana, sai aka ce ni ne ban iya riƙe ma'auni ba, aka kwashe su aka kai wurin haɗawa, inda na ga ana yi wa mazaunin ɗige-ɗige da tsinin ƙarfe da guduma don boris ya kama. Wannan ma yana cikin abin da ya sa nake ganin zamana a wurin ba shi da amfani.

Tsohon Foman:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekara 31 a tsakanin injina kafin in ajiye aiki, kuma ɗalibai irinka da suka wuce ta hannuna ba zan iya ƙirga su ba, saboda haka bari in gaya maka abin da ke cikin zuciyar fomanka wanda bai faɗa maka ba.

Injin sassaƙa ba ya sanin ɗan jami'a. Idan hannun riga ya taɓa ƙarfen da ke juyawa, ko aka manta makulli a kan matsewar inji aka tayar da shi, ba a samun lokacin yin tunani, kuma duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san wani da ya rasa yatsa ko abin da ya fi yatsa. Dalilin da ya sa aka kore ka da doguwar riga ke nan, kuma dalilin da ya sa ba a sa safar hannu a kan wannan injin ko da ana sa ta a wurin walda. Bayan haɗari kuma akwai asara. Sandar ƙarfe guda da ka ɓata kuɗi ne, ruwan wuƙar da ka ƙone kuɗi ne, kuma kowace awa da injin ya yi a hannunka kana koyo, janareta na shan man dizal ba tare da an fitar da kayan da za a sayar ba. Foman shi zai amsa tambayar mai masana'anta a kan duk wannan. Kafin ya ba ka inji sai ya ga yadda kake ajiye kayan aiki bayan ka gama, da ko kana amsa waya a kusa da inji, da ko kana zuwa kafin a buɗe ƙofa ko bayan an fara aiki. Tun ranar farko yake auna ka, kamar yadda kake auna sandunansa.

A zamaninmu, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ga na Steyr a Bauchi, ga na manyan motoci a Kano, ga kuma kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, waɗanda suka biyo baya, yaron da ya shiga koyon aiki yakan fara ne da magagari. Ni kaina sai da na yi kusan wata 3 ina gugar wani ɗan curin ƙarfe har fuskokinsa 6 suka miƙe, kowace kusurwa ta tsaya daidai, kuma duk lokacin da na kai wa malaminmu sai ya ɗora ma'aunin kusurwa ya ɗaga sama, idan haske ya ratsa tsakani ya mayar mini. A lokacin na ɗauka mugunta ce. Daga baya na gane hannuna yake koya wa sanin bambancin da ido ba ya gani. Yanzu wuraren da ake ƙera inji tun daga ɗanyen ƙarfe har zuwa fenti sun yi ƙaranci ƙwarai a Arewa, kai ma ka shaida da ƙafarka tunda sai a wuri na 10 aka karɓe ka, don haka ban ga dalilin da zai sa ka saki wanda ka samu ba.

Idan kana son injin, hanyar ba ta ofishin foman take ba, ta wurin dattijon nan mai sassaƙa take. Ka riƙa zuwa da wuri kana goge masa shimfiɗar inji kana zuba mata mai, ka tsaya a bayansa ta gefen da ɓarɓashi ba ya fallatsa, ka yi shiru har ya gama yanka sannan ka yi tambaya. Ka tambaye shi abin da ya sa ya zaɓi wannan giyar. A makaranta an koya muku cewa ƙarfe mai taushi da wuƙar ƙarfe ta gargajiya ana yankarsa a gudun mita 30 a minti ɗaya ko kusa da haka, wanda a sanda mai kaurin milimita 50 yake ba da juyi wajen 190 a minti. Lissafin daidai ne, amma injin da ke gabansa wataƙila 140 yake da shi sai 220, kuma ƙarfen daga kasuwar Ƙofar Ruwa aka sayo shi ba tare da wata takardar da ta nuna irinsa ba, mai yiwuwa ma tsohon aksul ɗin mota ne. Za ka ga ya ɗan taɓa bakin ƙarfen a dutsen wasa ya dubi tartsatsin: idan dogaye ne marasa rassa da yawa ya san mai taushi ne, idan kuma suna fashewa kamar taurari ya san sinadarin kabon ya yi yawa a cikinsa, sai ya rage gudu. Wannan ilimin ba ya cikin kwamfuta, kuma ranar da dattijon ya ce wa foman a bar yaron nan ya rage mini wannan sandar, a ranar za ka hau inji.

Maganar ɗige-ɗige da tsinin ƙarfe kuwa, ba zan kare ta ba ko da abokan sana'ata ne suka yi. Boris ɗin zai kama na ɗan lokaci, amma da an fara aiki ƙananan tudun da aka tayar za su kwanta, zoben ciki ya fara zamewa a kan sanda yana cin ta yana zafi, kuma wanda zai ɗauki asarar shi ne manomin da injinsa zai tsaya a tsakiyar kaka a Saminaka ko Funtuwa, ga masara a jibge ga leburori yana biya. Sai dai ka yi hattara da yadda za ka ɗauko zancen, domin mutumin da ya yi shekara 20 a kan inji ba zai ji daɗin yaron mako 7 ya ƙaryata awonsa a gaban jama'a ba.

Injiniya daga Kakuri:

Baba Foman, Allah ya ƙara girma. Na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma ina neman izini in ɗan saɓa maka a wuri ɗaya. Haƙuri shi kaɗai ba ya kai ɗalibi kan inji a kowace masana'anta. Lokacin da na yi nawa horon a wata masana'antar ƙera tankuna da jikin manyan motoci a Kaduna, mu 5 aka ɗauka, kuma biyu daga cikinmu sun yi haƙurin da ya fi na kowa, amma da tsintsiya suka fara da ita suka gama, saboda babu wanda ya tuna da su. Kai a zamaninka koyon aiki yana da tsari da matakai, kowa ya san bayan magagari sai me. Yanzu wurare da yawa suna karɓar ɗalibi ne don kunyar wanda ya kawo shi, ba tare da wani ya zauna ya tsara abin da zai koya ba. Ni da nake mace ma, sai da na ɗinka hular da ta rufe kaina da wuyana ta shige cikin kakin aiki babu abin da ke lilo, na je na nuna wa foman da kaina, kafin ya daina cewa hijabina ne ya hana a bar ni kusa da injin lanƙwasa.

Saboda haka, ƙanina, ka rubuta a takarda ɗaya yadda kake so a raba maka makonnin da suka rage, misali 4 a wurin sassaƙa, 4 a walda, 3 a haɗawa da gwaji, sauran a ɗakin inganci da rubuta rahoto, ka kai wa injiniyan da ke sa hannu a littafinka ka roƙe shi ya gyara yadda ya ga dama. Mutum ya fi saurin gyara takardar da aka kawo masa a kan ya ƙirƙiro ta da kansa.

Amma abin da ya sa na shigo wannan zance shi ne sakin layinka na ƙarshe, wanda ka kira ƙaramin abu. A ganina shi ne mafi girman abin da ka samu a makonni 7 ɗin nan, kuma kana shirin tafiya ka bar shi. Ka koma darasin aji 2 a kan buɗewar ƙarfe idan ya ji zafi. Kowace mita ta ƙarfe tana ƙaruwa da kusan milimita 0.012 a kan kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salsiyos. Idan sandarka mai kaurin milimita 30 ta fi maikuromitar zafi da digiri 30 a lokacin da aka auna ta a kan inji, wanda abu ne mai sauƙin faruwa idan an yi babban yanka babu ruwan sanyaya wuƙa, to kaurinta ya ƙaru da kusan 0.011. Duk tazarar da zanen ya lamunta tsakanin 30.002 da 30.015 kuwa 0.013 ce kacal. Ka ga ke nan dattijon yana iya karanta 30.005 a ma'auninsa kuma gaskiya ya faɗa, kai ma ka karanta 29.994 da safe kuma gaskiya ka faɗa. Wannan ne ya sa ƙa'idar awo ta duniya ta tsayar da digiri 20 a matsayin zafin da ake danganta awo da shi, kuma ko da babu ɗaki mai sanyi, abin da ake bukata shi ne ma'auni da abin da ake aunawa su zama zafinsu ɗaya.

Ban ce tabbas wannan ne dalili ba, domin ban ga injin ba. Hasashe ne, kuma aikinka shi ne ka gwada shi. Ka fara da ma'aunan biyu: kowace maikuromita mai auna 25 zuwa 50 tana zuwa da ɗan sandan saiti mai tsawon milimita 25 a akwatinta, ka goge bakinta da kyau ka gwada taka da tasa da sandan saiti guda ɗaya. Sannan ka ja sababbin layuka a tsohon littafin nan, ka riƙa rubuta ranar da aka gama kowace sanda, da ƙarfe nawa, da injin da aka yi ta a kai, da ko an sa ruwa, da ko a zama ɗaya aka yi babban yanka da na ƙarshe. Ka auna kowane mazauni a wuri biyu, ka juya sandar kwata ka sake aunawa, don ka ga ko ta yi ƙwai ko ta tsuke ta gefe ɗaya. Ka riƙa matse ma'aunin da ɗan kan da ke ƙara a ƙarshensa, kada ka murɗa da ƙarfin hannu, kuma kada ka daɗe riƙe da shi a tafinka. Idan ka samu dama, ka auna sanda 10 nan take bayan an sauke su, ka sake auna su washegari. A mako 2 za ka samu jadawalin da zai yi magana da kansa.

Game da SolidWorks, yanzu da shi nake cin abinci, kuma a ɗakin kwanan ɗalibai na koye shi da tsohuwar kwamfutar hannu. Wanda bai taɓa tsayawa a gaban inji ba ana gane zanensa tun daga nesa: yakan sa tsauraran iyakoki a kan kowane awo har a wurin da ba ya taɓa komai, ya zana kusurwar ciki mai kaifi da babu wuƙar da za ta fitar da ita, ya ajiye noti a lungun da sifana ba za ta shiga ba.

Mai Zane:

Ina ganin girman waɗanda suka riga ni magana, amma ya kamata a gaya wa ɗan'uwanmu ɗaya gefen. Na gama karatu shekara 4 da suka wuce, kuma a duk inda na je neman aiki, abin da aka fara tambayata shi ne manhajojin zane da na iya, kuma a wasu wuraren zaunar da ni aka yi a gaban kwamfuta aka ba ni awa ɗaya. Babu wanda ya tambaye ni ko na iya wasa wuƙar inji. Masana'antun ƙera inji kaɗan ne, guraben injiniya a cikinsu sun fi kaɗan, alhali ofisoshin zane da kamfanonin gine-gine da masu sa na'urorin sanyaya gini suna ɗauka. Ban ce ka tafi ba, domin maganar Injiniya a kan sandar nan ta burge ni. Abin da nake cewa shi ne kada ka bari wata 6 su wuce ba ka zana komai ba. Ka ɗauki injin sussukar nan gaba ɗayansa, ka auna kowane ɓangare, ka zana shi a kwamfuta da daddare. Mai yiwuwa ma ka tarar masana'antar ba ta da cikakken zanensa, a kan foman kawai yake.

Malamin Jami'a:

Ni malami ne, kuma na yi shekaru ina zagayen duba ɗalibanmu a wuraren horo, don haka zan tsaya a kan tambayoyi biyu da aka yi a farko, waɗanda har yanzu ba a amsa su kai tsaye ba.

Shirin SIWES hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ce ta fara shi a 1973, shekara 2 bayan kafa ta a 1971, kuma dalilin kafa shi shi ne koken masu masana'antu cewa waɗanda suka gama jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha suna zuwa da ilimin takarda ba tare da sun taɓa kayan aiki ba. Har yanzu hukumar ce ke kula da shi daga hedikwatarta a Jos da ofisoshinta na jihohi, tare da NUC ta ɓangaren jami'o'i da NBTE ta ɓangaren kwalejojin kimiyya da fasaha. Na kawo wannan ne don ka gane cewa sunanka da wurin da kake suna rubuce a wuri fiye da ɗaya. Ana iya sauya wuri, amma ba da kanka ba. Sai ka rubuta wa ofishin SIWES na makarantarku ka kawo dalili, ka haɗa da takardar amincewa daga sabon wurin, a kuma sanar da ofishin ITF da ka yi rajistar fara aiki a can. Wanda ya tashi ba sallama, ranar da malami ya je dubawa ya tarar ba ya nan, rubutawa zai yi cewa ya gudu daga horo, kuma na ga ɗaliban da hakan ya jawo musu maimaita zangon gaba ɗaya. Ka kuma tuna cewa a ƙarshe akwai Fom 8, wanda wurin aiki da makaranta suke cikewa, kuma idan ka raba watanninka gida biyu sai ka bi sa hannu a wuri biyu. In da ni ne mai duba takardarka, rashin ba ka inji a mako na 7 ba zai ishe ni dalili ba, musamman da yake wurin da kake son bari ya fi kusa da abin da aka kafa shirin dominsa.

Littafin aiki kuwa, laifin da na fi kamawa shi ne kwafe bayanin inji daga intanet, da rubuta aikin da ɗalibi bai yi ba. Ranar kare rahoto tambaya ɗaya ce take tona wannan: da wane hannu ake tsayar da injin? Ka rubuta abin da ka yi a kowace rana da adadinsa, sanda nawa ka auna, nawa suka fita daga iyaka, da me aka yi da su. A shafin zane na ƙarshen mako ka zana sandar da hannunka ka sa awonta, mako mai zuwa ka zana yadda boris ke zama a gidansa, na gaba ka zana tsarin masana'antar da hanyar da ƙarfe ke bi daga sito zuwa fenti. Ka tabbata mai kula da kai yana sa hannu duk mako, kada ka tara masa sai a ƙarshe. Abu ɗaya kawai zan ja kunnenka a kai: kafin ka sa alkaluman kayan da aka ware a rahoton da za ka gabatar a makaranta, ka nuna wa masana'antar ka nemi yardarsu, domin amana ce suka ba ka da suka bar ka a wannan ɗakin.

Ɗalibin Kanikanci:

Na gode ƙwarai, Baba Foman, da Malam, da Yaya Injiniya, da ɗan'uwana Mai Zane. Na jinkirta amsa ne har in samu abin faɗa, yau kwana 16 ke nan, kuma ina nan Sharaɗa ban tafi ba.

Sandan saitin ya ba ni wahala, domin na akwatin dattijon ya ɓata tun tuni, sai a ɗakinmu na samu ɗaya a ƙasan durowa. Maikuromitar ɗakinmu ta nuna 25.001 a kansa. Ban nemi tasa kai tsaye ba. Na je masa bayan sallar Azahar lokacin da babu kowa a kusa, na ce Baba, an ce ban iya riƙe ma'auni ba, ina so ka koya mini a kan wannan ɗan sandan. Ya karɓa ya auna da tasa, ya dube ta, ya goge bakinta da gefen rigarsa ya sake aunawa, sannan ya yi shiru. Layi ɗaya ta ƙara, wato 25.01. Bai ce mini komai ba, ya aike ni in nemo ɗan makullin saiti, ya gyara ta a gabana, ya ce in riƙa kawo masa sandan nan duk ranar Litinin.

Maganar zafi ma ta tabbata, amma ba ita kaɗai ba ce kamar yadda kuka gani. Na auna sanduna 10 suna saukowa daga inji, na sake auna su da safe, 7 daga ciki sun ragu da tsakanin 0.006 zuwa 0.012. Sauran 3 da ba su ragu sosai ba, su ne waɗanda aka yi wa babban yanka da yamma aka bar na ƙarshe sai da safe. Da rana ana kan janareta ana sauri, shi ya sa ake gama sanda a zama ɗaya, kuma famfon ruwan sanyaya wuƙa na injin ya lalace tun kafin in zo, da gwangwani ake ɗan zuba ruwa idan an tuna.

Injiniyan da ke sa mini hannu ya karɓi takardar rabon makonnin, ya rage na walda zuwa 3, ya ce sauran sai ya yi magana da foman. Jadawalin awon kuma ya ce in bar masa. Gyaran famfon har yanzu ba a ce komai a kansa ba, kuma sanduna 14 na farko sun riga sun tafi cikin injinan da aka sayar. Shekaranjiya dattijon ya sa na ɗaura wani guntun ƙarfe na rage masa milimita 2, yana tsaye hannunsa a kan abin tsayar da inji, kuma sau biyu ya tsayar da shi kafin in gama.

Yaya Injiniya, ina da wata tambayar. Tunda famfon ba zai gyaru da wuri ba, shin ya fi kyau in ba da shawarar a riƙa barin sanda ta huce kafin yankan ƙarshe, wanda zai rage yawan abin da ake fitarwa a rana, ko kuwa a ƙara wa awon da ake nufa ɗan kaɗan idan sandar tana da zafi? Na biyun ya fi sauƙin karɓuwa a wurinsu, amma ba mu da ma'aunin zafi, da bayan hannu ake taɓawa.